Gina tsarin al'umma a kan harsashin kamfani: darasin openSUSE da CentOS

A watan Nuwamba na 2015 ƙungiyar openSUSE ta fitar da sabuwar sigar babbar manhajarta ta Linux mai tafiyar da kwamfuta, ta sa mata suna Leap 42.1. Wanda ya saba bin lissafin sigoginta ya lura cewa an yi tsalle daga 13.2 zuwa 42.1 a cikin shekara guda, amma tsallen lamba shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya faru. Babban sauyin yana ƙasa, inda ido ba ya gani. Daga wannan siga, gindin tsarin ya daina zama abin da 'yan sa-kai ke zaɓa suna daskarewa da kansu, ya koma ana ɗauko shi daga SUSE Linux Enterprise, wato tsarin da kamfanin SUSE na ƙasar Jamus ke sayar wa bankuna da masana'antu da hukumomi tare da alƙawarin kula da shi na shekaru. Al'ummar ta ci gaba da ɗora nata kayan a sama, harsashi kuwa ya zama na kamfani. Tun daga lokacin ake ta muhawara a kan ko wannan dabara ce mai kyau, kuma abin da ya sami CentOS, wani nau'in Linux na kyauta da aka kwafo daga tsarin kamfanin Red Hat, bayan shekara biyar ya sa muhawarar ta fita daga hannun masana ta shiga ofisoshin duk wanda ke da saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, yana gudanar da aiki a kanta.

Kafin a fahimci dalilin da zai sa al'umma mai cin gashin kanta ta yarda da irin wannan tsari, sai an san irin wahalar da ke cikin riƙe nau'in Linux. Abin da mai amfani ke gani a matsayin tsari guda, tarin dubban fakitoci ne waɗanda mutane daban-daban suka rubuta a wurare daban-daban, kowanne yana tafiya da nasa lokacin: akwai kanel, wato zuciyar da ke magana da kayan cikin kwamfuta, akwai ɗakunan karatu na manhaja waɗanda sauran shirye-shirye ke jingina da su, akwai na'urar harhaɗa rubutun tushe ta mayar da shi abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, sannan akwai fuskar da mutum ke dannawa. Tattara waɗannan a rana guda a tabbatar suna zaman lafiya da juna aiki ne babba, amma aiki ne mai daɗi, domin a ƙarshensa akwai sabon abu da za a nuna wa duniya. Aikin da ba shi da daɗi yana zuwa ne bayan fitowa. Duk lokacin da aka gano ɓaraka a tsaron wani fakiti, masu rubuta shi na asali sukan gyara sabuwar sigarsu ne kawai, su bar tsohuwa. Wanda ya yi alƙawarin riƙe tsohuwar siga dole ya karanta gyaran, ya cire shi daga cikin sauran sauye-sauye, ya daidaita shi da rubutun da ya tsufa da shekara uku ko biyar, ya gwada, ya tura. Wannan facin baya shi ne ainihin abin da kamfanoni ke sayarwa, kuma shi ne abin da ɗan sa-kai, wanda ke aiki da daddare bayan ya tashi daga nasa aikin, ba ya iya jurewa na tsawon lokaci.

Misali guda ya isa ya nuna girman abin. Red Hat Enterprise Linux 7, sigar tsarin da kamfanin Red Hat ke sayarwa, ta fito a 2014 da kanel mai lamba 3.10, kuma da wannan lambar ta kai ƙarshen watan Yunin 2024. Shekara goma injiniyoyin da ake biya albashi suna ɗauko gyare-gyare da direbobin sababbin na'urori daga sababbin kanel suna cusa su cikin tsohon, ba tare da sun taɓa yanayin da shirye-shiryen abokan cinikinsu suka saba da shi ba. Babu wata ƙungiyar sa-kai ƙarama da za ta iya wannan ita kaɗai. Kafin Leap, openSUSE tana fitar da siga kusan duk wata takwas ta kula da ita na kimanin shekara ɗaya da rabi, kuma wani ƙoƙari na 'yan sa-kai mai suna Evergreen yana tsawaita ran wasu zaɓaɓɓun sigogi gwargwadon ƙarfin 'yan mutanen da ke cikinsa. A ƙarshen 2014 kuma aka haɗe rumbun gwaji na Factory da Tumbleweed, tsarin da ba shi da sigogi sai dai kullum yana gangarawa da sabon kaya, sai yawancin masu hannu da ƙwazo suka karkata can, domin can ne aikinsu ke isa ga mutane cikin kwanaki. Sigar da ake daskarewa ta zama marainiya: masu son sabo sun tafi Tumbleweed, masu son dawwama kuma wata goma sha takwas bai ishe su ba. Da SUSE ta buɗe rubutun tushen tsarinta na kasuwanci ga al'ummar a 2015, tayin ya zo daidai inda ciwon yake.

Ribar a bayyane take. Al'ummar ta sami gindi wanda wasu ke kula da shi da kuɗinsu, wanda aka gwada a kan manyan na'urori da ɗan sa-kai ba zai taɓa mallaka ba, kuma gyaran tsaronsa yana zuwa daga sashen da aikinsa ke nan dare da rana. Hannayen da suka kuɓuta daga facin baya sun koma kan abin da kamfanin bai damu da shi ba. SUSE tana tallafa wa fuskar GNOME ce a tsarinta na kasuwanci, don haka fuskar KDE Plasma, wadda openSUSE ta daɗe da suna a kanta, da Xfce da dubban ƙananan shirye-shirye duk sun rage a hannun al'umma. Kamfanin ma bai yi asara ba, kuma ba laifi ba ne a faɗi haka. Ya sami dubban mutane suna gwada masa gindin tsarinsa a kan kwamfutocin da ba su cikin ɗakin gwajinsa, ya sami ɗalibai da masu kula da saba da suke koyon kayansa kyauta, wasunsu kuma ranar da aikinsu ya girma har ya buƙaci wanda za a kira a tsakar dare, hanya mafi sauƙi a gare su ita ce su sayi rajistar kamfanin da suka riga suka saba da tsarinsa.

Sai dai kalmar "ginawa a kai" tana ɓoye abubuwa guda biyu da suka sha bamban, kuma yawancin ruɗanin da ake samu a wannan muhawara daga gwama su yake fitowa. Na farko shi ne kwafi tsantsa. CentOS, wadda ta fara fitowa a 2004, ba ta taɓa da'awar tana da ra'ayin kanta game da yadda tsari ya kamata ya kasance ba. Lasisin GPL da makamantansa sun wajabta wa mai rarraba manhaja ya ba wanda ya karɓa rubutun tushe, Red Hat kuma a wancan lokacin tana ajiye nata a fili ga kowa. Aikin CentOS shi ne ta ɗauko, ta kankare suna da tambarin Red Hat, domin lasisin manhaja bai shafi tambarin kasuwanci ba, ta sake harhaɗawa ta rarraba kyauta. Burinta shi ne ta yi daidai da na asali har a kurakurai, domin shirin da aka rubuta don Red Hat ya gudana a kanta ba tare da ya ji bambanci ba. Cibiyoyin bincike na Fermilab da CERN sun yi irin wannan da sunan Scientific Linux, Oracle ma ta yi nata don kasuwa. A irin wannan tsari ruwa hanya ɗaya yake bi. Idan mai amfani da CentOS ya gano matsala, masu kula da CentOS ba za su iya gyara ta ba, domin gyarawa na nufin sun kauce daga na asali; sai dai ya kai ƙara wurin kamfanin da ba abokin cinikinsa ba ne.

Na biyu shi ne abin da openSUSE ta yi, wanda ya fi kama da zobe. Tumbleweed, wadda al'umma ke jan ragamarta, ita ce mafarin da SUSE ke ɗiba idan za ta fara sabuwar babbar siga ta kasuwanci. Kamfanin ya daskare abin da ya ɗiba, ya goge shi, ya riƙe shi. Leap kuma ta karɓo shi daga can. Abin da ɗan sa-kai ya saka a Tumbleweed yau yana iya dawo masa bayan shekara biyu a cikin gindin Leap. Kayan aikin ma na tarayya ne, domin Open Build Service da ake harhaɗa fakitoci a kai da openQA da ke gwada tsarin ta hanyar kunna shi tana danna maɓallai kamar mutum, duka ɓangarorin biyu suna amfani da su. Wannan bambanci yana da nauyi, domin al'ummar da ke riƙe da mafarin ruwa ba ta manta yadda ake gina tsari tun daga tushe ba, ko da ta miƙa ragamar ɗaya daga cikin sigoginta. A gidan Red Hat, Fedora, wato nau'in Linux na al'umma da kamfanin ke ɗiba daga gare shi, ita ce ke riƙe da wannan matsayi tun 2003, CentOS kuma tana can ƙarshen gangare, kuma al'ummomin biyu ba mutane ɗaya ba ne.

Ko a cikin zoben ma, matakin dogaro yana ƙaruwa ne sannu a hankali, kuma tarihin Leap ya nuna hakan filla-filla. Leap 42.1 ta ɗauki fakitoci da yawa daga SUSE Linux Enterprise 12, amma ta ƙi ɗaukar kanel ɗinsa mai lamba 3.12, ta zaɓi 4.1 domin sababbin kwamfutocin hannu su yi aiki. A 42.2 an koma kanel ɗaya da na kamfani. A 2018 lambar kanta ta bi sahu: daga 42.3 aka dawo 15.0 domin ta dace da SUSE Linux Enterprise 15, abin da ya sa tsarin ya zama ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da sabuwar sigarsu ta fi tsohuwa ƙanƙantar lamba (duk mai shirin da ke kwatanta lambobi don gane wace siga ce sabuwa ya sha ciwon kai a wannan shekarar). A Yunin 2021, da Leap 15.3, aka daina ma sake harhaɗa rubutun tushen kamfanin, aka koma ɗauko haɗaɗɗun fakitocinsa kai tsaye, yadda abin da ke cikin gindin Leap da abin da ke cikin na kasuwanci suka zama abu ɗaya tak. Kowane mataki a cikin waɗannan yana da hujja mai ƙarfi: an rage maimaita aiki, an rage wuraren da bambanci zai iya haifar da matsala, an sauƙaƙa ƙaura daga kyauta zuwa biya. Amma kowane mataki kuma ya rage yawan abubuwan da al'umma za ta iya cewa a'a a kansu.

A nan ne farashin yake fara bayyana, kuma farkon abin da ake biya shi ne sabunta. Kamfani yana daskare kayansa ne don amfanin wanda ke tsoron sauyi, kuma bankin da ya kashe shekara biyu yana gwada manhajarsa yana da gaskiya idan ya ce kada a taɓa masa komai. Mai kwamfutar hannu da ya saya a bana buƙatarsa daban ce. Jerin Leap 15 ya rayu daga 2018 har zuwa 15.6 ta 2024 da Python 3.6 a matsayin wadda gindin tsarin ke jingina da ita, alhali masu Python sun daina kula da wannan siga tun ƙarshen 2021. Ta fuskar tsaro babu fargaba, domin SUSE tana yi mata faci, kuma an samar da sababbin sigogi a gefe. Amma ɗan sa-kai da ke son kawo sabon shiri cikin Leap yakan tarar shirin yana neman ɗakin karatu ko na'urar harhaɗawa da ta fi wadda ke gindi sabunta, kuma ba shi da ikon taɓa gindin. Ko dai ya bar shirin a tsohuwar siga, ko ya yi ta dabaru, ko ya haƙura ya koma Tumbleweed. Ta haka wahalar facin baya da aka gudu daga gare ta take dawowa ta wata ƙofa, a kan fakitocin da kamfani bai ɗauki nauyinsu ba, waɗanda kuma su ne mafi yawa.

Abu na biyu da ake biya shi ne zaɓin fasaha. Shawarar da kamfani ya yanke don dalilin kasuwanci tana sauka a kan al'umma kamar hukuncin da babu ɗaukaka ƙara. Red Hat ta cire tsarin adana fayil na Btrfs daga sigarta ta 8, don haka CentOS 8 ma ba ta da shi, ko da a ce masu amfani da ita suna so. SUSE kuwa ta mayar da shi zaɓin farko tun daga sigarta ta 12, don haka masu Leap suka gaji damar mayar da tsari baya idan sabuntawa ta lalata wani abu. Ɗaya ya yi sa'a, ɗaya bai yi ba, amma babu wanda aka tambaya a cikinsu. Haka batun tsofaffin na'urori yake. Kamfani yana duba irin sabobin da abokan cinikinsa za su saya nan da shekara goma, ya ɗaga mafi ƙarancin abin da ake buƙata daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya zubar da direbobin kayan da suka tsufa. Wanda ya zo Linux musamman don ya tsawaita ran tsohuwar kwamfutarsa ba ya cikin wannan lissafi, kuma irinsa suna da yawa a cikin kowace al'umma.

Na uku, wanda a ganina ya fi duka, shi ne kalanda. Wanda ke riƙe da ranar farawa da ranar ƙarewa shi ne mai tsarin, ko da sunan wa aka rubuta a bango. Tun kafin rikici CentOS ta ɗanɗana wannan ta fuskar jinkiri: Red Hat Enterprise Linux 6 ta fito a Nuwamban 2010, CentOS 6 ba ta iso ba sai Yulin 2011, domin sake harhaɗa dubban fakitoci ba tare da sanin ainihin jerin da muhallin da aka harhaɗa su a ciki ba aiki ne na lalube, kuma mutanen da ke yin sa 'yan ƙalilan ne. A Janairun 2014 Red Hat ta rungumi CentOS, ta ɗauki manyan masu kula da ita aiki, tambarin ma ya koma hannunta. A lokacin mutane da yawa sun yi murna, kuma suna da dalili, domin aikin ya sami kuɗi da na'urori. A 2019 IBM ta kammala sayen Red Hat a kan dala biliyan 34. A ranar 8 ga Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS Linux 8, wadda aka sa ran za ta rayu har 2029, za ta ƙare a ƙarshen 2021, hankali kuma zai koma kan CentOS Stream, wadda ke tafiya gaban tsarin kasuwanci da ɗan taki maimakon bayansa. Waɗanda suka gama ƙaura zuwa sigar 8 suna lissafin shekara tara sai suka wayi gari da shekara ɗaya.

Ya kamata a yi wa Red Hat adalci a nan, domin hujjarta ba ta banza ba ce. CentOS Stream ta buɗe ƙofar da a baya take rufe: yanzu mutumin waje yana iya ganin abin da zai shiga siga mai zuwa, ya tura gyara, a karɓa ko a ƙi a fili. Ta wannan fuska Stream ta fi tsohuwar CentOS zama aikin al'umma. Kuma gaskiya ne cewa kamfanoni masu ɗimbin dukiya suna gudanar da dubban sabobi a kan aikin injiniyoyin da ba su taɓa biyan ko sisi a albashinsu ba. Abin da ya ɓata lamarin shi ne yanke wa'adin da mutane suka riga suka yi shiri a kansa. Kuma abin da ya fito fili shi ne cewa wa'adin nan bai taɓa zama haƙƙi ba, kyauta ce da aka saba da ita har aka ɗauke ta a matsayin haƙƙi, alhali kayan aro ba ya rufe katara. Babu yarjejeniyar da aka karya, domin babu yarjejeniyar da aka sa wa hannu.

Martanin ya zo da sauri. Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS, ya sanar da Rocky Linux. Kamfanin CloudLinux ya ɗauki nauyin AlmaLinux, wadda ta fito a Maris 2021 aka kuma miƙa ta ga gidauniya mai zaman kanta. Dukansu sun ɗauki hanyar kwafi tsantsa, wato sun sake gina gida a filin da aka tashi wani jiya. A Yunin 2023 Red Hat ta daina ajiye rubutun tushen sigoginta na kasuwanci a rumbun da kowa ke ɗiba, ta bar na CentOS Stream a fili, sauran kuma sai abokin ciniki ta ƙofar rajistarsa. Masana sun yi ta gardama a kan ko wannan ya dace da ruhin GPL, amma lafazin lasisin ya wajabta bayar da tushe ne ga wanda aka ba manhaja, bai wajabta wa kamfani ya ci gaba da cinikayya da wanda ba ya so ba. A nan hanyoyin biyu suka rabu, kuma rabuwar tana da ilimantarwa. Rocky ta nace a kan daidaito, ta ce za ta samo tushen ta hanyoyin da lasisi ya halatta, kamar hotunan kwantena, wato ƙunshin manhaja da ake gudanarwa a keɓe, waɗanda Red Hat ke rabawa a fili, da sabobin haya na gajimare. CIQ, kamfanin Kurtzer da ke tallafa wa Rocky, da Oracle da SUSE kuma suka kafa ƙungiyar OpenELA a watan Agustan wannan shekarar don ajiye irin wannan tushe. AlmaLinux ta sauke burin zama kwafi har a kurakurai, ta ce ya ishe ta shirin da aka rubuta don Red Hat ya gudana a kanta lafiya, ta koma ɗiba daga Stream.

Abin sha'awa shi ne, wannan saukowa ta ba AlmaLinux 'yancin da CentOS ba ta taɓa samu ba. Da ta daina rantsuwa a kan daidaito, sai ta iya tura gyaran tsaro ba tare da jiran na kamfani ba, ta mayar da direbobin tsofaffin na'urori da Red Hat ta zubar, kuma da sigar 10 ta Red Hat ta ɗaga ƙa'idar ƙwaƙwalwar kwamfuta zuwa matakin x86-64-v3, AlmaLinux ta harhaɗa ƙarin siga don matakin da ke ƙasa da shi domin tsofaffin sabobi su ci gaba da aiki. Farashin wannan 'yanci shi ne dole ta mallaki mutanen da suka san aikin da na'urorin da za su yi shi, kuma dole ta ɗauki alhakin abin da ta sauya.

Akwai wani misali daga wani gida da ke nuna cewa ana iya jingina ba tare da an saki jiki gaba ɗaya ba. Linux Mint tun daga sigarta ta 17 a 2014 take gina kanta a kan sigogin Ubuntu masu dogon wa'adi, waɗanda kamfanin Canonical ke fitarwa duk shekara biyu a watan Afrilu. Amma ta riƙe wata siga ta daban da ke zaune kai tsaye a kan Debian, tsarin al'umma da Ubuntu kanta ke ɗiba daga gare shi, kuma masu ita ba su ɓoye dalili ba: suna son su tabbatar za su iya ci gaba idan wata rana Ubuntu ta ɓace ko ta bi hanyar da ba za su iya bi ba. Da Canonical ta matsa a kan tsarin fakitinta na Snap, Mint ta toshe shi a sigarta ta 20 ta ci gaba da harhaɗa abin da take buƙata da kanta. Riƙe siga ta biyu da mutane kaɗan ke amfani da ita yana cin lokaci, kuma a shekarun zaman lafiya yana kama da ɓarna. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta a Disambar 2020 ba zai kira shi ɓarna ba.

openSUSE ma ba ta tsira daga girgizar kalanda ba, ko da yake tata ta zo da sauƙi. A 2022 SUSE ta fara maganar sabon gindi mai suna ALP wanda zai gaji jerin 15, an tsara shi da tunanin kwantena da sabobi, kuma na tsawon lokaci masu amfani da Leap a kan kwamfutar tebur ba su san ko za a sami magajin da ya dace da su ba. Kamfanin da kansa ya sauya hannu sau da yawa, daga Novell zuwa Attachmate zuwa Micro Focus zuwa kamfanin zuba jari na EQT, kuma kowane sabon mai gida yana da damar sake lissafi. Sunan openSUSE mallakin SUSE ne, shugaban kwamitin gudanarwar al'ummar ma kamfanin ne ke naɗa shi, ko da yake sauran mambobin zaɓensu ake yi. Amma a lokacin rashin tabbas ɗin, al'ummar tana da abin da CentOS ba ta da shi: Tumbleweed na nan da ranta, na'urorin harhaɗawa da gwaji suna hannun mutanen da suka san su, har wasu suka fito da Slowroll a 2023, wadda ke ɗiba daga Tumbleweed tana rage mata gudu, a matsayin mafita idan Leap ta gagara. Daga baya Leap 16 ta fito a 2025 a kan sabon gindin kasuwanci, kuma ta zo da gadon shawarwarin kamfanin kamar yadda aka saba: sabuwar manhajar girkawa mai suna Agama ta maye gurbin ta YaST da aka shafe shekaru ana alfahari da ita, ƙa'idar ƙwaƙwalwa kuma ta hau zuwa x86-64-v2, yadda kwamfutocin da suka girmi wannan mataki suka tsaya a jerin 15 ko suka nemi wani tsarin.

Ga wanda zai zaɓi irin wannan tsari don aikinsa, tambayar ko yana da ƙarko ba ta da wuyar amsawa, domin kusan dukansu suna da shi, daga wuri ɗaya suka gaje shi. Tambayoyin da suka fi amfani su ne waɗanda ba a rubuta amsarsu a shafin saukewa: wa ya mallaki sunan, wa ke biyan kuɗin na'urorin da ake harhaɗawa a kai, ta wace ƙofa rubutun tushe ke shigowa kuma wa ke da makullinta, sannan mutum nawa ne a cikin al'ummar za su iya riƙe kanel da ɗakunan karatu na gindi idan aka wayi gari ƙofar a rufe. A CentOS ta 2020 amsar uku na farko duk kamfani ɗaya ne. A AlmaLinux sunan da na'urorin suna hannun gidauniya, tushe kuma yana zuwa daga Stream, wadda Red Hat ke buƙatar ta kasance a buɗe don nata aikin. A openSUSE sunan da yawancin na'urorin suna wurin SUSE, amma mafarin da kamfanin ke ɗiba don gina sigarsa ta gaba yana hannun mutanen da ke tura fakitoci cikin Tumbleweed kowace rana.